Ina za a rataye ta? Abin da ɗinkin ƙananan tutoci ya koya mini a Legas

Duk wanda ya shigo shagonmu a Idi-Araba neman tuta, magana ɗaya yake yi: "Ƙaramar tuta nake so." Shugaban Islamiyyar da za ta yi walimar sauka haka zai ce. Direban babban mutum da tutar gaban motarsa ta koɗe haka zai ce. Haka mai horar da 'yan ƙwallon unguwa, haka ɗan siyasa, haka yaron dillalin da ke kai wa jiragen ruwa kaya a Apapa. A cikinsu kuwa babu biyu da suke nufin abu ɗaya. Shi ya sa maigidan da ya koya mini sana'ar, Allah Ya jiƙansa, ba ya ɗaukar almakashi sai ya yi tambaya biyu: ina za a rataye ta, kuma wa ake so ya gan ta? Girma da launi da ciniki duk daga baya suke zuwa.

Ta kan tebur ita ce 'yar gata. Ba ta san rana ba, ba ta san iska ba, sai sanyin ofis. Da yadi mai sheƙi ake yin ta, a zagaye ta da geza ruwan zinariya, kuma abin da mai ita yake dubawa shi ne yadda za ta fito a hoto. Ta gaban mota kuwa sai an yi mata ninki biyu da abin ƙarfafawa a tsakani, don ta tsaya cak ko motar tana tsaye a gosulo, sannan a ɗinka mata kube, domin idan mai muƙamin ba ya cikin motar rufe ta ake yi. Ta kwanar filin ƙwallo dokar wasa ce take da magana a kanta: sandar ba ta gaza mita 1.5 ba, kuma kanta ba ya zama mai tsini, saboda ɗan wasa yana iya faɗawa a kai. Waɗanda yara ke yawo da su a tsakanin motoci a ƙarshen watan Satumba, su kam kwana biyu ake nema su yi, su ma sun sani.

Waɗannan duk tela mai hankali zai iya gane su da kansa. Inda na sha karatu na gaske shi ne aikin jiragen ruwa.

Akwai 'yan kasuwa a Apapa da Tin Can waɗanda sana'arsu ke nan kai wa jirgi duk abin da ya ƙare masa kafin ya tashi, daga shinkafa da albasa har igiya da fenti. Tuta tana cikin kayan da suke yawan nema, don iskar teku da gishiri cin yadi suke yi. Takardar odarsu da Turanci take zuwa, kuma a nan na fara ganin an raba abin da mu muke haɗawa a suna ɗaya. Wasu an rubuta *flag*, wasu an rubuta *pennant*, kuma kuɗinsu daban, awonsu daban. Cikakken saitin tutocin sigina na jirgi guda 40 ne: 26 na haruffa, 10 na lambobi daga sifiri zuwa tara, 3 na maimaita wadda ta riga ta hau, sai 1 ta amsawa. Na haruffan masu kusurwa huɗu ne, ban da biyun farko da ake yanke musu baki kamar wutsiyar tsattsewa. Na lambobin kuwa dogaye ne, masu faɗi a gindi suna tsukewa zuwa baki, su ne ake kira *pennant*. Ta lamba ɗaya fara ce da jan da'ira, ta biyu shuɗiya da farin da'ira, ta huɗu ja da farin gicciye. Hukumar ciniki ta Ingila ce ta fara fitar da irin wannan tsari don jiragen 'yan kasuwa a 1857, wanda ake aiki da shi yanzu kuwa a 1965 hukumar kula da sufurin teku ta duniya ta amince da shi, ya fara aiki a 1969.

Wani abin da tela zai lura da shi tun kafin a gaya masa: launi biyar kawai ake saye idan za a yi saitin, ja da shuɗi da rawaya da baƙi da fari. Babu kore ko ƙyalle ɗaya. An zaɓi waɗanda ido yake iya rabewa daga nesa a kan ruwa, ko da hazo. Mu da muka saba rabin kuɗin yadinmu a kasuwar Balogun kan kore yake tafiya, wannan ya ba mu dariya a farko.

Wanda ya buɗe mini ido a kan ma'anarsu wani dattijo ne Bakano da ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a jirgin ruwa, daga baya ya koma gadi a wani sito. Yana cikin waɗanda suka ga 1975, shekarar da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi cirko-cirko a bakin tekun Legas suna jiran layi wata da watanni. Yakan zo shagon bayan la'asar ya zauna a benci, ya ɗauki duk wadda aka gama ya karanta ta kamar wasiƙa.

"Wannan mai rabi fari rabi ja, ka san me take cewa?"

"A'a, Baba."

"Cewa take yi, jagora yana ciki. Babban jirgi ba ya shiga tashar Legas da kansa, sai ma'aikacin tasha wanda ya san hanyar ruwan ya hau ya shigo da shi. Kafin ya hau, waccan mai ratsin rawaya da shuɗi ake ɗagawa, ina neman jagora. Ja zalla mai wutsiya biyu kuwa, in ka gan ta a jirgin mai, kada ka kuskura ka kunna ko ashana a kusa."

Haka ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya. Mai fari da shuɗi tana cewa akwai mai nutso a ƙarƙashin ruwa, a rage gudu. Mai ja da rawaya a karkace, mutum ya faɗa ruwa. Shuɗiya mai farin murabba'i a tsakiya, kowa ya dawo jirgi, an kusa tashi. Ya ce a zamaninsu in suna yawo a gari aka ce an ɗaga wannan, ko shayi ne a bakinka sai ka ajiye.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce rawaya zalla. A da can, rawayar tuta a jirgi tsoro take kawowa, alamar cuta ce da killacewa. A littafin yau kuwa, jirgin da ya ɗaga ta cewa yake yi lafiya lau muke, muna neman izinin hulɗa da gari, jami'an lafiya su zo su duba. Ƙyallen bai canza ba, rinin bai canza ba, mutane ne suka zauna suka sake yarjejeniya. Tun daga nan na daina yarda da masu zuwa shago suna ce mini ai ja ma'anarsa kaza, fari ma'anarsa kaza, kamar da ma'anar aka saƙa yadin. Sai ka san wane littafi mai kallon yake karantawa da shi.

Ita kalmar *pennant* ɗin, ƙanena da ke karatun Turanci a jami'a ne ya bi mini diddiginta a manyan ƙamusoshi, da ya ga na dame shi. Ashe 'yar gida biyu ce. Ta bayyana a Turanci a farkon ƙarni na 17, daga cakuɗuwar tsofaffin kalmomi biyu masu kama da juna a kunne. Ta farko *pendant*, abin da yake rataye yana lilo, daga Faransanci, can asali kuma daga kalmar Latin mai nufin rataya. A bakin matuƙa jirgi, wannan sunan wata igiya ce da take saukowa daga kan dogon sandan jirgi. Har kusan zamaninmu sojan ruwan Ingila suna rubuta *pendant* amma su furta *pennant*. Ta biyu *pennon*, 'yar siririyar tutar da barden Turawa yake ɗaurawa a kusa da tsinin mashinsa, ita kuma daga *penna* ta fito, gashin tsuntsu a Latin. Daga wannan gashin ne ma Turawa suka samo sunan abin rubutunsu, don da gashin tsuntsu suke rubutu a da, yadda mu muka karɓi alƙalami daga Larabawa muka fiƙe namu da kara.

Ƙanen nawa abin da ya burge shi tarihin ne. Ni kuwa da ya gama bayani sai na ga ai aikina ya zayyana mini, domin kowace tuta gefe biyu gare ta da suke da muhimmanci, gefen igiya da gefen da yake kaɗawa a iska. Mai saye gefen kaɗawar yake kallo. Wanda zai yi aiki da ita kuwa gefen igiyar yake fara taɓawa.

Na ga wannan da idona ran da na raka yaron dillali kai kaya bakin ƙofar tasha, mataimakin kyaftin na wani jirgi, ɗan Filifin, ya fito karɓa. An kawo masa kaya daga hannu biyu, namu da na wani da aka sayo bugaggu a kasuwa. Bai buɗe ko ɗaya ya kalli launi ba. Ya kama gindin tutar, inda ake ɗinka farin kambas mai kauri a zura igiya a ciki, ya naɗe igiyar a hannu ya fizga da ƙarfi. Ya duba ko an kafe igiyar da ɗinki a cikin kambas ɗin ko zamewa take yi. Ya murza ɗan katakon da ake sawa a sama, wanda yake shiga hancin igiyar tutar da ke bisa da ita idan za a jera su. Sannan ya juya bakin wutsiyar ya ƙirga layin ɗinki da farcensa. Sai da ya gama wannan duka ya warware su a kan bonet ɗin mota. A cikin bugaggun ya ware guda ɗaya ya miƙa wa yaron ba tare da ya ce uffan ba: tutar jagora ce, an sa kambas ɗin a gefen ja maimakon gefen fari. Launukan daidai, awon daidai, amma a haka ba ta cewa komai a littafinsu.

Shi ya sa yaron da ya zo koyon aiki wurina, ba na ba shi yankan launi da wuri. Gindi zai yi ta ɗinkawa har hannunsa ya faɗa. Katakon a sama, jelar igiya a ƙasa, ta yadda ko cikin duhu da ruwan sama matuƙi ya laluba zai san ina ne kai. Bakin wutsiya kuma kalmasa biyu da layin ɗinki huɗu, da zaren roba, don nan ne iska take fara tsefewa. Doguwar mai tsukakken baki ta fi wahala, saboda yankan a karkace yake bin yadin, in ka ja shi a keke sai ya miƙe ya yi tumbi, ta ƙi kwanciya. A hankali ake tura shi, ba a ja. Yara ba sa son wannan matakin, kowa so yake a ce shi ya haɗa kore da fari. Ni ma a lokacina ban so ba.

Maganar sama da ƙasa ba ƙaramar magana ba ce a tutocin ƙasashe, waɗanda su ma ƙanana ake yi wa jirage. Al'adar teku ce jirgin da ya shigo ruwan wata ƙasa ya ɗaga ƙaramar tutarta don girmamawa, tasa kuma tana can baya. Da yawa daga cikin manyan jiragen da ke shigowa Apapa tutar Laberiya ko Panama ko Tsibiran Marshall za ka gani a bayansu, ko da masu su Girkawa ne ko 'yan Sin, saboda can aka yi musu rajista. Wanda zai wuce wata tashar daga nan yakan nemi tutar ƙasar da zai je. To tutar Indunusiya ja ne a sama fari a ƙasa, in ka kifa ta ka ba Folan. Ta Kodebuwa ruwan lemo ne a gindi kore a baki, in kambas ya koma ɗaya gefen ta koma kamar ta Ailan. Ta Cadi da ta Romaniya kuwa sai mai ido sosai. Tamu ce Allah Ya hutar da tela: kore, fari, kore, duk ta inda ka juya ta Najeriya ce.

Amma ita ma ana cin zalinta. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, ratsin uku kuma daidai wa daida. Je ka duba waɗanda ake sayarwa a titi, wasu kusan murabba'i, wasu farin ya cinye koren, wasu koren ya koma na lemun tsami. Michael Taiwo Akinkunmi, wanda ya zana ta yana ɗalibi a Landan, da jar rana ya sa a tsakiyar farin, alƙalan gasar zana tutar suka cire ta a 1959, aka ba shi fam 100. A nan Legas aka fara ɗaga ta daren 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa wanda yanzu ake kira dandalin Tafawa Ɓalewa. Ya rasu a 2023. Duk lokacin da nake yanka ta nakan gode wa waɗanda suka cire ranar nan, don da tana nan da rabin telolin ƙasar nan sun mai da ita ƙwai.

Akwai abin da na daɗe ina juyawa game da yawan sunayen da Turawa suka ba ƙananan tutoci. Ta barde da sunanta, ta rundunar dawaki da nata, ta masu jiragen shaƙatawa irin kulob ɗin da aka kafa a Legas a 1932 da nata, doguwar siririyar da jirgin yaƙi yake ɗagawa a ƙololuwa don nuna yana bakin aiki ƙarƙashin kwamanda ita ma da nata. Wasu 'yan boko in sun ji haka sai su ce Hausa ta gaza, tuta kawai muke da ita. Ban yarda ba. Su a wurinsu siffar ƙyallen ce take faɗin matsayin mai shi. A al'adar barden Turai, in sarki ya ɗaga darajar mutum a fagen fama, wutsiyar 'yar tutarsa ake yankewa ta koma mai kusurwa huɗu, kowa ya gani ya san ya zama jagoran wasu. Dole mutanen da suke karanta daraja a bakin almakashi su tara sunaye.

Mu kuwa ba a yankan muke karantawa ba, a hannun da ya bayar ne. Bayan an fara jihadi a 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba malamai tuta su koma ƙasashensu: Modibbo Adama a Fombina, Buba Yero a Gombe, Yakubu a Bauchi, Malam Musa a Zazzau, Ummarun Dallaje a Katsina, da sauransu. Har yau in ana tarihin masarautun nan, cewa ake yi wane ne ya karɓo tuta, ba wanda yake tambayar kamu nawa ce ko bakinta ɗaya ne ko biyu. Wanda ya yi karatun sira ma ya san haka abin yake tun can. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jera sunayen waɗanda za su riƙe ta: Zaidu ɗan Harisa, in ya faɗi Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, in ya faɗi Abdullahi ɗan Rawaha. Duk ukun suka yi shahada, Khalidu ɗan Walidu ya ɗauka. Larabawa suna da *liwa'i* suna da *raya*, amma abin da aka kiyaye a ƙissar sunayen mariƙanta ne. Don haka Bahaushe ya zuba hikimarsa a aikatau: a ba da tuta, a karɓi tuta, a riƙe tuta, a tsaya takara a ƙarƙashin tutar jam'iyya, a ciri tuta. Wannan na ƙarshen ma Amurkawa suna da irinsa, don a wasansu na ƙwallon sanda ƙungiyar da ta zama zakaran rukuninta cewa ake yi ta ci *pennant*, 'yar tutar da ake ɗagawa a filinta.

A filin ƙwallon ƙafa kuma za ka ga gadon barden nan da ransa, lokacin da kyaftin biyu suke musayar 'yan tutoci masu geza kafin a take leda. Ƙungiyoyin unguwa na Agege da Mile 12 suna son wannan ƙwarai idan za su buga wasan sada zumunci, kuma su ne abokan cinikin da suka fi kowa tsayawa a kan rubutu. Harafi ɗaya ya karkace a sunan ƙungiya, sai an sake.

'Yan siyasa su ne akasin haka. Dubbai suke so, jibi suke so, kuma ba ruwansu da gindi ko wutsiya, a manna a tsinke kawai ta kai yamma. Ba na raina aikin, shi yake biyan kuɗin haya a shekarar zaɓe. Sai dai maigidana ya bar mini ƙa'ida a kansa wadda ban taɓa karyawa ba: kuɗin tutar kamfe a hannu ake karɓa cif kafin a taɓa yadi, domin wanda ya faɗi zaɓe ba ya ɗaukar waya, wanda ya ci kuma ya canza lamba.

Kasuwar ta sauya, ba sai an faɗa ba. Bugaggun tutoci daga Sin suna shigowa a kwantena ta wannan tashar da muke yi wa ɗinki, saiti guda a kuɗin da bai kai na yadinmu ba. Shagunan da suke yin na tebur da na makarantu da yawa sun koma ɗinkin kaftani. Abin da ya rage mana a Apapa aikin gaggawa ne da na gyara. Jirgi zai tashi gobe da asuba, an duba akwatin tutoci an tarar ta lamba bakwai ta yage ko ta amsawa ta bi iska, kuma mai kwantena ba ya fasa saiti don guda ɗaya. Sai waya ta yi ƙara bayan isha'i, yaron dillali yana cewa, "Oga, guda biyu ne kawai, amma yau ake so." Nakan tambaye shi tsawon sauran da ke cikin akwatin, da ko katako suke amfani da shi ko ƙugiyar ƙarfe, don jirage sun bambanta a nan, kuma wadda ba ta haɗu da 'yan'uwanta a igiya ba ba za ta hau ba. In bai sani ba, sai ya koma ya ɗauko mini hoton gindin ɗaya daga cikinsu, sannan in tayar da janareta.